Ganuwar da garma ke ci a Ingila

A kan iyakar lardunan Dorset da Hampshire a kudancin Ingila akwai wani dogon tudun ƙasa mai gwalalo a gefensa, wanda ake kira Bokerley Dyke, tsawonsa ya kusan kilomita 6. Masana da yawa suna ganin cewa an fara tona shi tun zamanin da babu rubutu a tsibirin Birtaniya, daga baya aka ƙara masa tsayi a ƙarshen mulkin Rumawa, kamar yadda tsabar kuɗin Rumawa da masanin tonon kayan tarihi Augustus Pitt Rivers ya tono a wurin suka nuna. Har yau shi ne ya raba lardunan biyu, kuma tumaki ne ke kiwo a kansa a ɓangaren Martin Down.

Pitt Rivers ɗin nan shi ne sufeton farko da aka naɗa bayan dokar kare wuraren tarihi ta 1882, sannan dokar 1979 ta mayar da lalata irin waɗannan wurare ba tare da izini ba laifi. Sai dai a ganina, kare gini guda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan kare iyaka mai ratsa gonaki da yawa, domin kowane manomi yankin da ya faɗo gonarsa kawai yake gani. Abin da ya fi damuna shi ne dokar ta bar ƙofa a buɗe: inda aka saba noma a kan wurin, an yarda a ci gaba muddin ba a zurfafa garma fiye da da ba. A wuraren da ake noma, kowace damina tarakta tana ɗan shafe tudun tana cike gwalalon, har ya zama sai daga jirgin sama ake gane layinsa, inda amfanin gona ya fi kore a kan tsohon ramin.

Wanda ya ga yadda gine-gine suka cinye badalar Kano, duk da tana cikin jerin kayan tarihin ƙasa, ba zai yi mamaki ba. Shi ya sa na fi goyon bayan tsarin da gwamnatin Birtaniya ke biyan manomi kuɗi domin ya daina nome wurin ya mayar da shi makiyaya, tare da sare ƙayoyin da saiwarsu ke farfasa tudun. Kuɗin ba su da yawa idan aka kwatanta da abin da ake kashewa a gyaran fadoji, amma manomin da ya karɓa yana da dalilin kewaye tudun da taraktarsa.