A nuna mana gari tun yana kan tebur

Bara ƙanena ya gayyace ni bajekolin ƙarshen shekara na ɗaliban zanen gine-gine a makarantarsu, na tafi da Goggo don ita ta raine shi. A kan wani tebur wani abokinsa ya ajiye kasuwa guda da ya haɗa da kwali da gam, rumfuna a jere, bishiyoyi na soso, har da 'yan motoci. Goggo ta kusa shekara talatin tana sayar da kayan miya. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce masa: "Ɗana, in mota ta kawo tumatir, a ina za ta sauke? Mata kuma a ina za su zaga?" Yaron ya yi shiru, ya ɗauko biro ya rubuta. Goggo ba ta iya karanta taswira ba, amma cikin minti biyu ta karanta wannan kasuwar, ta kuma ga abin da ya rasa.

Tun ranar nake cewa bajekolin gine-gine ba shagalin masu digiri ba ne. Wuri ne da mai gari zai ga garinsa kafin a haƙa harsashi, lokacin da gyara bai wuce a matsar da kwali ba.

Mafi shahara a duniya shi ne na birnin Benis a Italiya, wanda aka fara a 1980. A 2023 Lesley Lokko ce ta jagorance shi, 'yar asalin Gana da Sikotlan, kuma cikin mahalarta 89 da ta gayyata fiye da rabi 'yan Afirka ne ko tsatson Afirka. A nan aka ba Demas Nwoko lambar Zakin Zinariya, babbar lambar yabo ta bajekolin, dattijon da ya yi karatun zane a Zariya, ya shafe shekaru yana gini da ƙasa da kayan da ke kusa, yana barin iska ta sanyaya ɗaki ba inji ba. Wallahi na ji daɗi. Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ofishin jakadancin Italiya a Akra ya hana wasu ma'aikatan Lokko uku biza. An shirya taro kan makomar biranen Afirka, waɗanda suka yi aikinsa ma ba su samu shiga ba, balle Goggo.

Cikin waɗanda suka baje aikinsu akwai Mariam Issoufou ta Nijar. Ita da Yasaman Esmaili suka yi aikin Hikma a Dandaji ta jihar Tawa, wanda aka kammala a 2018. Tsohon masallacin garin na ƙasa ya tsufa, ya yi wa jama'a kaɗan. Maimakon a rushe shi, aka gyara shi ya koma ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa da aka matse, kuma maginan yankin suka yi aikin. Kafin su, a 1986, masallacin Yama na Falke Barmu, shi ma a jihar Tawa, ya ci kyautar Aga Khan, babbar kyauta ta duniya a fannin gine-gine. Magini ne na gargajiya, bai shiga jami'a ba. Ku tambayi matasa goma a Kano ko Maraɗi, nawa ne suka taɓa ganin ko hoton waɗannan gine-ginen? Bature ya ga aikin Mariam a Benis, yaranmu kuma suna tashi da tunanin ginin ƙasa alamar talauci ce, su zuba siminti da kwano su kwana cikin zafi.

A watannin da ake wancan taro a Italiya, Kano tana cikin rusau. A Yunin 2023 aka rushe shataletalen gidan gwamnati da aka gina don cikar jihar shekara 50, da shaguna a filin idi. Muhawara ta ɓarke a rediyo da Facebook, kowa da ɓangarensa. Ba ina yanke hukunci tsakaninsu ba ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kullum a makare muke magana, bayan an gina ko bayan katafila ta wuce. A Agustan shekarar wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta wa masallata, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Sai a lokacin mutane da yawa suka fara tambayar shekarun ginin da wanda ke kula da shi.

A unguwarmu akwai kududdufin da ke shanye ruwan sama tun muna yara. Wata rana muka tashi muka ga tifa na zuba ƙasa, bayan shekara shaguna suka tsaya. Daminar da ta biyo ruwa ya shigo mana har tsakar gida, muka kwana muna kwalfewa da bokiti. Da an ajiye wannan aikin a kan tebur a ƙofar mai unguwa na mako ɗaya, kowane dattijo zai nuna da yatsa inda ruwan zai bi.

Ba sai mun gina wani katafaren zaure ba. Gidan Makama yana nan, akwai harabar kasuwa, akwai ajin firamare lokacin hutu. Duk kasuwa ko gada ko rukunin gidaje da za a yi da kuɗin jama'a, a haɗa ƙaramin samfurinsa a ajiye wata guda kafin a ba da kwangila. A rubuta bayani da Hausa, da boko da ajami. Mai zanen ya zauna a wurin da kansa ya amsa tambayar ɗan adaidaita da mai tura baro da makaho. A gayyaci Sarkin Magina da mutanensa, a kuma ware wa matan aure ranarsu, don su suka fi kowa sanin inda hayaƙi ke taruwa a gida da awa nawa ake yi kafin a samo ruwa.