Baƙin allo da masu gyaran kwamfuta

Wai me ya sa yaran nan masu gyaran kwamfuta a Bauchi, da ka kai musu ƙaramar matsala sai su buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni su hau zuba rubutu? Ka ce hotunan biki sun ɓace daga filashi, alhali ƙwayar cutar kwamfuta ce kawai ta ɓoye su, sai yaro ya gyara zama, ya rubuta umarnin attrib da wasu haruffa da alamomi, ya danna, ga hotuna sun dawo. Kai kuma kana tsaye kamar an yi maka rufa ido. Ka tambaye shi me ya rubuta, ya ce, "Baba, ai ba za ka gane ba." To ta ina zan gane, tunda ka karkatar da allon?

Na yarda akwai aikin da rubuta umarni ya fi sauri. Canza sunan fayil ɗari a layi ɗaya, linzamin kwamfuta ba zai kamo ƙafarsa ba. Amma malamar firamare da ta zo buga takardun jarrabawa a shago a Wunti, me ya haɗa ta da haddace umarnin da in harafi ɗaya ya kuskure, ko tazara ta ɓace, komai ya tsaya cik? Tun 1984 kwamfutar Macintosh ta fito da hotuna da linzami, Windows 95 ta kawo maɓallin Start, duk don a huta da wahalar zamanin MS-DOS, tsohuwar manhajar da komai sai an rubuta mata umarni. Yanzu ko firinta za a haɗa, sai an buɗe baƙin allo, ga shi kuwa danna biyu uku a cikin saituna an gama. Sannan a ce kawo kuɗin aiki.