Ranar da Hajiya ta hura gawayi da mai kisan kai

Duk wanda bai karanta The Murder of Roger Ackroyd ba ya tsaya a nan, don zan fasa ƙwai. Shi ne na uku a jerin littattafai 33 da Agatha Christie ta rubuta kan Poirot, ɗan binciken nan na Beljiyam mai gashin baki, ya fito a 1926. A wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi na tsinci nawa. Sai da na duba shafin ƙarshe, na ja bangon na ga gam bai saki ba, sannan na biya.

Kwana uku ina fama har na kai ƙarshen babi na 24, inda Poirot ya tara kowa a ɗaki ya ce wanda ya yi kisan yana cikinsu. Daidai nan aka kira Isha'i. Na kife littafin a tabarma na fita.

Na dawo na tarar Hajiya tana fifita kurfoti, littafina kuma ya rame.

"Hajiya, ina sauran takardun?"

"Gawayin ne ya ƙi kamawa, ɗan nan. Kada ka damu, farkon na yaga, wanda ka riga ka karanta."

Hajiya karatun allo ta yi, a wajenta kowane littafi daga dama yake farawa. Babi uku cif, 25 zuwa 27, sun tafi a dafa ruwan shayi.

Na ce ai ni ma ina da ƙwaƙwalwa. Na ɗauko biro na jera lokuta. Ƙarfe 8:40 aka kawo wa Ackroyd wasiƙa. 8:50 Likita Sheppard, mai ba mu labarin, ya bar shi. 9:00 likitan yana ƙofar gida. 9:30 an ji muryar Ackroyd a ɗaki, ke nan yana raye. Ga kujerar da aka janye daga jikin bango, ga kiran wayar dare. Na yanke hukunci: Parker ne, baran gidan, mai laɓe a bakin ƙofa, wanda dama ya taɓa tatsar tsohon ubangidansa da barazanar tona asiri.

Washegari a teburin mai shayi na shelanta haka gaban wani malamin Turanci da ya karanta littafin sau biyu. Har da cewa in ba Parker ba ne, shayi da ƙwansa na mako guda a wuyana. Ya kurɓi shayi ya ce, "Malam, daga ɗakin zuwa ƙofar gida tafiyar minti nawa aka ce?" Biyar. "To likita ya yi goma. Ina ya kai sauran?"

Ashe da hannuna na rubuta amsar ban gani ba. Muryar 9:30 na'urar ɗaukar magana ce aka saita, kujerar kuma ita ta kare teburin da aka ɗora ta. Mutumin da na bi a baya kamar liman tun shafin farko, shi ya caka wuƙar.

Na so in ce marubuciyar nan ta ha'ince mu, amma da na koma babi na 4, wanda Allah ya tsare daga wuta, na ga babu ƙarya ko ɗaya. Likitan ya faɗi lokacin da wasiƙa ta shigo, ya faɗi lokacin da ya fita, ya yi gum kan abin da ya faru a tsakani. Tsakiyar littafin dai tana jan ƙafa, barori da dangi kowa da ɗan ɓoye-ɓoyensa, ba don Caroline 'yar'uwar likita da gulmarta ba da na yi gyangyaɗi.

Malamin nan ƙwai uku-uku yake sa a soya masa, yau kwana na huɗu. Jiya kuma Hajiya ta aiko a tambaye ni ko na gama da ragowar, wai takardar tana kama wuta da kyau.