Abin da ya faru a Kilkenny a 1324 ba abin dariya ba ne

Bidiyon nan na mai rakiyar baƙi da ake ta yaɗawa tun jiya ya ɓata mini rai matuƙa, domin mutum ya tsaya a tsakiyar Kilkenny ta ƙasar Ayalan yana ba da labarin maitar Alice Kyteler kamar tatsuniya, jama'a suna ta ƙyaƙyata dariya, har ya gama bai ambaci sunan kuyangarta Petronilla ba.

Petronilla de Meath ce aka ƙona da ranta a ranar 3 ga Nuwamba, 1324. Uwargijiyarta Alice attajira ce da ta yi aure sau huɗu, 'ya'yan mazajenta suka zarge ta da sihiri, Bishop Richard de Ledrede ya ɗauki maganar da zafi, sai ta tsere ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ɗanta William Outlaw kuwa, wanda shi ma aka zarge shi, da yake yana da dukiya da manya a bayansa, hukuncinsa ya tsaya a kan ibada da ciyar da matalauta da yi wa wani sashe na majami'ar St Canice rufin dalma. Kuyangar da ba ta da gata ita aka yi ta zabga wa bulala har ta amsa laifi, sannan aka cinna mata wuta a bainar jama'a.

Masu cewa an yi shekara 700, ko kuma da baƙi garin yake cin abinci, ban ga hujjarsu ba. Tsawon zamani ba ya mayar da zalunci abin nishaɗi. Kuma Kilkenny ba ta rasa abin nunawa ba: fadar dutse da William Marshal ya gina a bakin kogin Nore tana nan, wadda zuriyar Butler suka saya a 1391 suka miƙa wa mutanen garin a 1967 kan fam 50 kacal. Majami'ar Black Abbey ta 1225 tana nan, haka ma doguwar hasumiyar St Canice, wadda har yau ake hawanta da tsani a hango dukan garin. Garin da ke da wannan bai buƙaci a yi wa baƙi wasa da mutuwar baiwar Allah ba.

Ina kuma so masu rakiya su riƙa ba da labarin dokokin 1366, waɗanda a wannan garin aka kafa su don hana Ingilishi mazauna ƙasar auren 'yan ƙasa da magana da harshen 'yan ƙasar.