Ɗan daudu, mata-maza da mai sauya jinsi ba abu ɗaya ba ne

A wurin aikina a nan Glasgow, fom ɗin ɗaukar ma'aikata yana da gurbin da za ka rubuta ko "shi" kake so a ce maka ko "ita". Rigimar jinsi a ƙasar nan ta kai har Kotun Ƙolin Birtaniya, wadda a watan Afrilun 2025 ta yanke cewa kalmar "mace" a dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace. Wata ƙungiyar mata ce ta kai gwamnatin Scotland ƙara. Wasu sun yi murna, wasu sun yi kuka, kuma har yau ba a daina jayayya ba.

Da na ba yayana labari a waya, yana Tudun Wada, cewa ya yi, "Ai duk 'yan daudu ne." Wannan maganar ce ta hana ni barci.

Mu da muka tashi a Kaduna mun san ɗan daudu. Shi ne mai soya kaji da tuƙa tuwo a bakin tasha, mai ɗaura zani a ƙirji, wanda ke ce wa abokinsa "ke". Yawancinsu ba su taɓa cewa su ba maza ba ne, wasu ma da matansu da 'ya'yansu. Mai sauya jinsi da allura ko tiyata wani ne daban. Mata-maza kuma halitta ce, haka aka haife shi, bai zaɓi komai ba.

Malamanmu ba su yi wannan kwamacalar ba. Duk wanda ya sauke Muhtasar, littafin fikihu na Shehu Halil, a zaure ya san da mas'alar hunsa, wato mata-maza, littafin ya ƙare: yadda ake duba mafitsara, da fitowar gemu ko nono, da haila, kafin a ce namiji ne ko mace. In abin ya rikice, a ba shi rabin gadon namiji da rabin na mace. Sun zauna sun yi masa lissafi saboda sun ɗauke shi mutum mai haƙƙi.

Ban yarda da duk abin da Turawa ke yi ba, musamman yadda kalma ɗaya kan jawo wa ma'aikaci takardar gargaɗi. Amma namu sakacin ya fi yi mini ciwo. A Turanci kana iya gaisawa da mutum ba ka taɓo jinsinsa ba. A Hausa ko "ka tashi lafiya" sai ka zaɓa, ka ko kin, don haka nauyin ya fi yawa a kanmu.

Akwai wata yarinya a layinmu da aka haifa mata-maza. Yara suka riƙa binta suna "ɗan daudu", manya na ji ba su tsawatar ba. Tana aji huɗu a firamare iyayenta suka daina tura ta makaranta.