Gangar Watan Yuli a Ireland ta Arewa

Daren 11 ga Yuli na farko da na yi a Belfast, ban runtsa ba. Makonni kafin nan ina ganin samari suna jera katakan ɗora kaya a wani fili kusa da inda nake haya, ɗaya bisa ɗaya, har tulin ya zarce rufin gidajen unguwar. Ranar da abin zai faru aka zo aka toshe tagogin gidajen da ke kusa da allunan katako, don kada zafi ya fasa gilasai. Wajen tsakar dare aka cinna wuta. 'Yan kwana-kwana na tsaye, amma bangon gidaje suke fesa wa ruwa. A ƙololuwar tulin an ɗaure tutar Jamhuriyar Ireland musamman don ta ƙone, kuma da wuta ta lashe ta sai wurin ya kaure da ihun murna. Gabana ya faɗi.

Da gari ya waye na fita kallon macin da ƙungiyar Orange ta 'yan Furotesta ke yi duk 12 ga Yuli, sai na ga wani abu daban. Dattawa cikin baƙaƙen kwat, da ƙyalle ruwan lemo rataye a wuya, ga masu busa sarewa layi-layi, ga ganga da kake jin ta har cikin ƙirjinka. Wata tsohuwa a gefena ta kafa kujerarta tun da sassafe, da shayinta a fulas. Da ayarin jikanta ya iso ta miƙe tana ɗaga masa hannu, hawaye na zuba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya yana jiran dokin gidansu ranar hawan sallah ya san abin da ke ranta.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa a soke macin baki ɗaya ba. Ƙungiyar Orange tun 1795 aka kafa ta a Loughgall, kuma abin da take tunawa shi ne nasarar Sarki William, ɗan Furotesta, a kan Sarki James, ɗan Katolika, a bakin kogin Boyne a 1690. Abin da ya ɗauki sama da shekara 200 yana bin jinin mutane, takardar hukuma ba ta kankare shi. Amma nasarar da wani yake wa kiɗa ita ce faɗuwar kakannin maƙwabcinsa. Ka buga gangarka a unguwarku, biki ne. Ka kai ta ƙofar gidan wanda aka kayar, alhali ya ce ba ya so, wannan tsokana ce ko da wane suna ka kira ta.

Ku dubi Drumcree. Shekara da shekaru 'yan Orange na Portadown suna zuwa coci a Drumcree ranar Lahadin da ke gabanin 12 ga wata, su dawo ta titin Garvaghy, unguwar da kusan duk mazaunanta Katolika ne. A 1995 mazauna suka zauna a kan titi suka ce ya isa. 'Yan Orange suka ce hanya ta Sarauniya ce, ba mai hana su bi, kuma suka ƙi zama teburi ɗaya da wakilan unguwar. A 1996 'yan sanda suka hana macin, aka yi kwanaki ana ƙone-ƙone da tare hanyoyi, sai hukuma ta janye, aka kwashe mazauna daga titinsu da kulki aka wuce da ayarin. A 1997 ma aka sake. A 1998, watanni uku kacal bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 10 ga Afrilu, wadda aka ƙulla don kawo ƙarshen rikicin yankin, hukumar kula da maci ta hana su bi. Dubban mutane suka yi dafifi a Drumcree. Da asubar 12 ga Yuli aka jefa bam ɗin fetur cikin wani gida a Ballymoney, yara uku 'yan uwa ɗaya suka ƙone, uwarsu 'yar Katolika. Wani limamin ƙungiyar da kansa, William Bingham, ya tsaya a coci ya ce babu titin da ya kai darajar rai. Tun daga shekarar ba a sake bin Garvaghy ba. Taurin kai ya cinye titin da ake faɗa a kansa, ya haɗa da mutuncin ƙungiyar a idon duniya.

A Derry kuwa, inda macin Apprentice Boys, wata ƙungiyar Furotesta, na Agustan 1969 ya tayar da faɗa a Bogside, unguwar Katolika, wanda ya sa aka turo sojojin Birtaniya, a nan ne aka fi samun mafita. Shugabanninsu sun zauna da mutanen Bogside, 'yan kasuwar garin suka shiga tsakani, aka daidaita kan hanya da lokaci da inda za a tsayar da kiɗa. Yau suna zagaya ganuwar birnin duk Agusta, a garin da Katolika suka fi yawa nesa ba kusa ba. Durƙusa wa wada bai rage musu tsawo ba.

Kuma lissafi ya sauya. Ƙidayar 2021 ta nuna masu asalin Katolika kashi 45.7 ne, masu asalin Furotesta kashi 43.5, a yankin da aka yanke daga sauran Ireland a 1921, ya ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya, don Furotesta su kasance masu rinjaye. A Fabrairun 2024 Michelle O'Neill ta Sinn Féin, jam'iyyar da ke son haɗewar Ireland, ta zama Ministar Farko. Ƙungiyar Orange, da ta haura mutum 90,000 a shekarun 1960, yanzu ba ta kai rabin haka ba. Na fahimci tsoron saurayin da ke jera katako a unguwar da masana'antun ubanninsa suka rufe, yana ganin komai na zamewa daga hannunsa. Masu cinna wa zaurukan taron Orange wuta cikin dare su ma suna ƙara masa hujja, kuma laifinsu ba ƙarami ba ne. Sai dai tsoro ba ya halatta abin da aka yi a Moygashel a 2025, inda aka ɗora kwale-kwale da mutum-mutumin 'yan ci-rani a kan tulin wuta. Ni baƙo ne a ƙasar nan, kuma wannan hoton da ni yake magana.

Abin da nake roƙon dattawan ƙungiyar bai fi ƙarfinsu ba: su sauke tutar mutane da hotunansu daga kan wuta, su yi shiru da kiɗa idan sun zo gaban cocin Katolika, su nemi mazauna unguwa tun kafin Yuli ya kama. Wata abokiyar aikina 'yar Katolika duk shekara takan kwashe 'ya'yanta su tsallaka iyaka zuwa Donegal har sai an gama. A can Donegal ɗin, cikin Jamhuriyar Ireland, akwai wani ƙauye a bakin teku mai suna Rossnowlagh, inda 'yan Orange ke macinsu ranar Asabar kafin 12 ga wata, da gangarsu da ƙyallensu, a watse lafiya. Ta ce min bara ƙaramin ɗanta ya ja ta sun tsaya kallo.