Hannun da ke ɗauko littafi shi ya kamata a fara koya wa

Shekara shida ke nan ina zaune a arewacin Ingila, uku daga ciki kuwa a ɗakin karatu na wata jami'a na yi su, a sashen tsofaffin littattafai da rubuce-rubucen hannu. Aikina shi ne in ɗauko wa mai bincike abin da ya nema daga ma'ajiya, in mayar idan ya gama. Amma ko wannan ɗaukowar ba a bar ni na fara ba sai da wata dattijuwa mai gyaran littattafai ta zaunar da ni tun safe har azahar tana nuna mini yadda ake taɓa littafi.

Ta ce kada in saƙala yatsa a saman littafi in jawo shi daga kanta, nan ne bango yake fara yagewa. In tura na gefensa baya kaɗan, in kama shi ta tsakiya. Idan an buɗe tsohon littafi ba a danne shi a shimfiɗe, sai a tallafe bangon biyu da soso, a bar shi ya buɗe iya inda ya yarda. Shafin da ya ƙi tsayawa, wata 'yar igiya mai nauyi ake ɗora masa, ba gwiwar hannu ko waya ba. Biro ba ya shiga ɗakin, sai fensir. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne safar hannu: na ɗauka dole ce, ashe ga takarda hannu wankakke, busasshe, marar mai ya fi, domin safa tana kashe jin yatsa, ta kuma maƙale a gefen da ya riga ya tsage. Sai hotuna ake sa wa safa. Wannan darasin, da ni da mai shara da mai gadi duk an yi mana irinsa gwargwadon aikin kowa. Farfesan da ya zo bincike ma sai an nuna masa kafin a miƙa masa akwati, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki hakan raini ba.

Bara da na je gida na wuce Gwandu gaida kawuna. Bayan la'asar ya sa aka fito da adakar kakanmu zaure. Wanda ya san Gwandu ya san ba abin mamaki ba ne a samu irin wannan adaka a gidan malamai. Garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, nan ya zauna yana karantarwa yana rubutu har ya rasu a 1829, kuma almajiransa da almajiran almajiransa sun yi ta kwafar littattafansa da hannu. A tamu adakar akwai wani yanki na tafsirinsa Diya'ut Ta'wil, da littattafan fiƙihu, da waƙoƙin wa'azi cikin ajami. Na ɗaga wata warƙa ga hasken ƙofa, sai ga siffar jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar. Wannan tambarin masana'antun Italiya ne. Takardar tsumma ce da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da ita ta Tarabulus. Har yanzu da ƙwarinta, tana lanƙwasa ba ta karyewa.

Can ƙasa sai na ci karo da warƙa goma sha ɗaya an yi musu laminatin. Wani ƙanena ne ya kai su shago a Birnin Kebbi, da kuɗin aljihunsa, don ya ga gefensu ya fara cinyewa. Wallahi da kyakkyawar niyya ya yi. Amma injin nan zafi yake sa wa takarda, ya narka gam ya shige cikinta, kuma ba a iya ɓare ledar ba tare da tawada ta biyo ta ba. Wasu warƙoƙin an liƙe tsagarsu da salatif, ya yi ja, ya bar tabon da ya ratsa har bayan shafi. Wani littafin kuma ɗalibi ya ara ya kai fotokwafi, ya dawo da shi a hargitse. Littattafanmu na da ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne sake, kuma ba lambar shafi. Kalmar farko ta shafi na gaba ake rubutawa a ƙasan wanda ya gabace shi, ita ce jagora. Mai shagon fotokwafi bai san da wannan ba, ɗalibin ma bai sani ba.

Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga littahi ya hi shekara ɗari cikin gidan ga, gara ba ta ci shi ba, ruwa ba su ci shi ba. Yanzu mu da muka san daraja tai, mu ka kashe shi?"

Ra'ayina ke nan tun daga ranar: ba rashin girmama littafi ke damunmu ba. Mu da ba ma taɓa Alƙur'ani sai da alwala, ba ma ajiye shi a ƙasa, yaro ya ga takarda mai rubutun Larabci a hanya ya tsince ta ya soke a jikin katanga, wa zai koya mana girmamawa? Magabata ma sun san dabarar adanawa. Tadarishi, wato bangon da ake sa littafi a ciki, yana riƙe warƙoƙi a miƙe, gafaka tana tare ƙura da haske, a rataye ta a bango nesa da gara da danshin ƙasa. Akwatin kwalin da nake ɗauka kullum a Ingila aikin da yake yi ke nan, ba ƙari. Abin da ya same mu shi ne kayan zamani sun shigo hannunmu, biro da salatif da leda da fil da injin fotokwafi, ba wanda ya gaya mana illarsu ga takarda. Hatta lasar yatsa kafin a juya shafi, wadda kusan kowa yake yi: tawadar gawayi da ƙaro ruwa ne ke narka ta, shi ya sa ake iya wanke allo. Tawadar yambari kuma, da yake da bagaruwa da ƙarfe a cikinta, da kanta takan ci takarda idan ta samu laima. To ina ga yawu da gumin watan Afrilu?

Kafin in koma na shiga wani ɗakin karatu na gwamnati ina neman tsofaffin jaridu. Ma'aikacin mutumin kirki ne, ya tashi da hanzari ya shiga ciki, ya jawo wani ɗauri daga ƙasan tarin da ke jibge a siminti, ya buga shi a cinya don ƙura ta fita. Gutsattsarin takarda suka zubo kamar ƙaiƙayi. Takardar jarida daga itace ake yin ta, tana da tsami a jikinta, shi ya sa Gaskiya Ta Fi Kwabo ta shekarun 1970 za ta riga rubutun zamanin Malam Abdullahi ruɓewa. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Na tambaye shi ko an taɓa nuna masa yadda ake ɗaukar irin waɗannan, ya ce tun da aka ɗauke shi aiki bai taɓa zuwa bita ba, manya ke zuwa. A nan kuskuren yake. Darakta sau nawa yake taɓa littafi a wata? Masinja da mai shara da ƙaramin ma'aikacin kanta su ne hannunsu ke kan takarda daga safe zuwa tashi, kuma su ne ba a kira taro. Ko an kira su, da Turanci za a yi, a otal, ba littafi ko ɗaya a kan tebur.

Na san abin da za a ce mini: kana can inda wuta ba ta ɗaukewa, kana kwatanta mu da su. Gaskiya ne, ma'ajiyar da nake aiki sanyinta da danshinta ba sa motsi rani da damina. Mu kuwa hunturu ya busar da takarda har ta yi ƙaras, bazara ta gasa ta da zafin da ya haura digiri 40, damina ta zo da laima, kuma danshin iska in ya wuce kashi 65 cikin ɗari ya daɗe, funfuna ta samu wurin zama. Amma na'urar sanyaya ɗaki da za a kunna da safe a kashe da rana ta fi rashinta illa, don hawa da saukar nan ne ke gajiyar da takarda da fata. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ba yoyo, iska na ratsawa, ya fi ta. Sauran kuwa nawa za su ci? Sabulu da ruwa a bakin ƙofa, fensir, bulo huɗu a ɗaga adaka daga ƙasa, farin alawayyo wankakke maimakon leda, zaren auduga mai faɗi maimakon robar ɗaure kuɗi, da hana cin ƙosai a kan teburin karatu, don maiƙo da ɓurɓushi su ke gayyato kyankyaso da ɓera. Duk abin da dattijuwar nan ta koya mini ranar farko, ba ɗaya da ke buƙatar lantarki.

Wasu kuma za su ce a ɗauki hoton komai a zuba a kwamfuta a huta. A ɗauka, ina goyon baya, har ma akwai shirin ceton takardun da ke cikin haɗari na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda tun 2004 yake ba da tallafin irin wannan aiki a ƙasashe da dama. Sai dai ranar ɗaukar hoto ita ce ranar da littafi ya fi shan taɓawa a rayuwarsa, warƙa bayan warƙa, kuma idan mai ɗaukar bai koyi riƙo ba, a ranar zai yi ɓarnar shekara hamsin. Mu tuna Timbuktu. A 2013 an ƙona ko an sace rubuce-rubuce wajen 4,000 a cibiyar Ahmad Baba, amma dubban ɗaruruwa sun tsira saboda iyalai da ma'aikata sun shirya su cikin adakoki an fitar da su zuwa Bamako. Da suka isa can kuma sai laimar garin ta zama sabuwar barazana. Iyalan da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Zamfara da littattafan kakanni cikin buhu, su ma suna buƙatar wanda zai gaya musu abin da za su yi da su a ɗakin haya.

Akwai abu guda da ba na so mu kwaikwaya. A nan Ingila rubutun hannu yana kwance cikin akwati, wani sai ya shekara goma ba a nemi shi ba. Namu kuwa da ransa: ana buɗe shi a zaure, malami ya karanta, almajiri ya bi, a yi gardama a kan wata kalma. Ba na fatan a kwashe littattafan Gwandu da Jega da Argungu daga hannun masu su a kulle. Don haka koyarwar ce za ta je inda littafin yake. Muna da Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi da Gusau, ga gidan tarihi na Kanta a Argungu, ga cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna da suka daɗe suna riƙe da irin waɗannan takardu. A samu mutum biyu da suka iya, su zaga ɗakunan karatu da zaurukan malamai, da izinin masarautu, su yi yini guda a kowane wuri, da Hausa, littafi a hannu. A gayyato masu shagunan fotokwafi su ma. Sabon ɗalibi kuma kada a ba shi katin ɗakin karatu sai an yi masa minti goma na wannan darasi.

Kwana uku na ƙara a Gwandu. Ni da Kawu da ƙanen nan nawa muka wanke hannu, muka shimfiɗa sabuwar tabarma, muka bi littafin da ya hargitse kalma bayan kalma har warƙoƙinsa suka koma mazauninsu, ban da biyu da ba mu gani ba. Ƙanena ya sa wa kowace lamba da fensir a kusurwa. Muka cire ledojin da aka ƙunshe littattafan da su, muka naɗe kowane littafi cikin alawayyo tsakanin kwali biyu, muka ɗora adakar a kan bulo. Goma sha ɗayan da aka yi wa laminatin muka ware su gefe guda. Da damina ta ɗauke Kawu ya kira ni ya ce ya buɗe adakar a inuwa ta sha iska, bai ji warin laima ba, kuma liman na unguwarsu ya aiko yana tambaya yaushe ƙanena zai samu sarari ya zo ya duba tasu.